Gurbin da ke Goshin Phemie Carnie

Ni da hannuna na zuba wa Phemie Carnie farar ƙasa a fuska, don haka kada wani ya ɗauka ina ba da labarin nan ne don in wanke kaina. Na shafe mata gashi da mai har ya kwanta, na sa mata karan gashin dinya biyu a hanci don ta samu numfashi, na ce kada ta motsa. Ba ta motsa ba. Mace mai shekara ashirin da biyu, wadda tun tana 'yar sha uku take hawo da kifi daga bakin ruwan Newhaven zuwa cikin Edinburgh, ta kwanta shiru a kan teburinmu kamar gawa, saboda an gaya mata sai an zuba siffar kanta kafin a duba takardarta ta neman koyarwa.

A lokacin watana takwas da gama karatun likita, kuma ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiya ta masu karatun kai, wato masu karanta halin mutum daga siffar kansa. Da zuciya ɗaya na shiga. Wani likita Bajamushe ne ya fara cewa ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce, gida ce mai ɗakuna: ga ɗakin tausayi, ga na faɗa, ga na lissafi, ga na gano dalili. Mabiyansa suka ƙara da cewa ɗakin da ya yi girma yakan turo ƙashin kai waje, wanda ya ƙanƙance kuma ya bar lotsawa, don haka yatsu za su iya karanta mutum. Ni abin da ya kama ni shi ne wannan: in haka ne, ba a daki yaro don bai gane ba, sai a nemi ɗakin da yake da ƙarfi a shiga ta nan. Na ga makarantu da gidajen kurkuku sun canza kafin in yi furfura. Ban shiga don in riƙa shafa kan baƙi a falo bayan an sha shayi ba. Amma kusan abin da muke yi ke nan.

Abu ɗaya na ƙwarai da ƙungiyar ta yi shi ne makarantar ƙananan yara da ta buɗe a wani lungu na Leith, domin 'ya'yan masu sauke kaya daga jiragen ruwa. Wata dattijuwa, Mis Gilchrist, ita ta ba da gidan. Malamin farko ya bar aiki, mutum biyu suka nema: Phemie, wadda ta shekara uku tana koya wa yaran maƙwabta karatu a ɗakin uwarta, da wani saurayi ɗan 'yar'uwar wani limamin coci, wanda bai taɓa tsayawa gaban yara ba amma yana da goshi kamar gaban majami'a.

Ranar Juma'a da la'asar muka zauna. Shugabanmu, Mista Dalgleish, lauya ne mai sanyin murya, irin mutumin da bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa. Na ajiye masa farar siffar kan Phemie. Ya lumshe ido, ya bi ta da yatsu daga ƙeya zuwa gaba, yana gyaɗa kai.

“Son yara, mai girma ƙwarai,” ya ce. “Tsayuwa kan magana, mai girma. Madalla, madalla.” Sai yatsunsa suka tsaya a saman goshi. “Af. Haldane, kawo ma'auni.”

Na miƙa masa ma'aunin, wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki. A saman goshin, daidai inda taswirarmu ta ajiye ɗakin gano dalili, akwai wani gurbi mai faɗin yatsu biyu, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

“Abin tausayi,” ya ce. “Za ta so yaran, za ta share musu majina. Amma ranar da wani ya tambaye ta me ya sa, ba ta da inda za ta shiga ta ɗauko amsa.”

“Yallaɓai, ka karanta takardarta kuwa?” na ce. “Shafi uku ta rubuta kan yadda ake koya wa yaro ƙidaya da tsakuwa.”

“Takarda kowa zai iya rubuta wa mutum, yarona. Ƙashi ba a aronsa.”

Mutum shida suka yi dariya a hankali. Mis Gilchrist ce kaɗai ba ta yi ba, tana can tana saƙa. Aka ce ranar Juma'a, nan da mako biyu, za a sa hannu a ba saurayin aikin, ni kuma in je in sanar da yarinyar cikin ladabi.

Washegari da safe na sauka Newhaven. Jiragen sun shigo, mata sun cika bakin ruwa suna loda kwanduna. Mysie Carnie, uwar Phemie, ita ta fara hango ni.

“Ga mai shafa kai nan! Ku ɗaure kallabinku da kyau, mata!”

“Ɗan Likita, zo ka shafa nawa ka gaya mini ko zan sake aure,” in ji wata.

“Na mijina za ka je ka shafa,” wata ta ce. “Ka gano mini inda ya ajiye hankalinsa, shekara tara ina nema.”

Ban iya dariya ba. Ina tsaye ina shirya yadda zan faɗi abin da aka aiko ni, sai maza biyu suka ɗaga cikakken kwando suka aza wa Mysie a baya. Ta sunkuya, ta jawo faffaɗan maɗaurin kwandon ta ɗora shi a goshi, ta gyara masa zama da babban yatsa. Ya faɗa wurinsa kamar ƙafa cikin tsohon takalmi.

Sau dubu nawa na ga wannan a titi? Tun ina yaro nake ganinsa. Ban taɓa kallonsa ba.

“Inna,” na ce, “don Allah ɗaga maɗaurin nan in gani.”

“Kai, ɗan nan, da nauyin ƙato a bayana kake so in yi maka wasa?” Amma ta ɗaga. Ga gurbin nan, ya fi na Phemie zurfi, fatar wurin ta yi kanta ta yi sheƙi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mahaukaci, suna ture kallabi suna shewa. Goshi goma sha ɗaya, gurbi goma sha ɗaya. Wata amarya da aka kawo daga ƙauye bara, nata bai wuce ja-ja ba.

Phemie tana gefe tana fiɗar kifi, ba ta ɗago ba.

“Sun ƙi ni, ko?” ta ce.

“Sun ƙi ki saboda maɗauri! Phemie, maɗaurin ne!”

“Na sani. Tun da na ji yatsanka ya tsaya a wurin na sani.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“Da kara biyu a hanci da farar ƙasa a baki?” Ta jefa kifin cikin kwando. “Likita, abu ɗaya nake roƙo. Su ba ni yaran safiya ɗaya, su zauna a baya su gani. Shi ke nan.”

“Ba maganar safiya ɗaya ba ce yanzu. Maganar gaskiya ce. Kin san kawuna nawa muka karanta haka?”

“Kai gaskiya kake nema,” ta ce. “Ni aji nake nema.”

Na ji maganar, amma ban saurare ta ba. Na riga na juya ina hawan tudu.

Na tarar da Mista Dalgleish a ɗakin karatunsa yana raba shafukan sabon littafi da suka zo a manne da wuƙar hauren giwa. Na zazzage masa komai a tsaye, ko hula ban cire ba. Ya bari na gama.

“Goma sha ɗaya,” ya ce. “Haldane, wannan babban aiki ne ka yi. Ka ga hikimar halitta? Mutanen da ɗakin dalilinsu ya ƙanƙance, su ne suke gangarawa da kansu zuwa aikin ɗaukar kaya. Ba maɗauri ne ya yi gurbin ba. Gurbin ne ya kira maɗauri.”

“Amarya fa? Wadda nata bai fito ba tukuna?”

“Ai ka ce ba 'yar garin ba ce.”

“Yallaɓai, wace shaida zan kawo maka da za ka ce ta karya maganarmu? Faɗa mini guda ɗaya!”

“Zauna ka sha shayi. Jininka yana da zafi, na gaya maka tun ranar da na karanta kanka.”

Ban zauna ba. Na yi ta yawo a gari har ƙafata ta yi ciwo, abubuwan da na daɗe ina dannewa suna taso mini. A ɗakin fiɗa na sha tsaga ƙoƙon kan gawa, na ga tudun waje ba kullum yake da rami a ciki ba. Na ga a goshi akwai wani kogon iska tsakanin ƙashi da ƙashi, wani nasa babba, wani ƙarami. Na taɓa kawo zancen a taro aka ce in yi haƙuri, ilimin nan namu yaro ne tukuna. Amma kuma na tuna wani tsoho mai keken doki a asibiti, wanda ya faɗi ta gefen hagu na kansa, ya farka yana gane kowa, yana jin duk abin da aka ce, amma kalma ta ƙi fita. Ɗaki ɗaya ne ya rufe a gidansa, sauran suna buɗe. Ɗakunan suna nan, na yarda har gobe. Ƙofarsu ce ba a waje take ba. Mu kuwa mun tsaya a titi muna shafa bango, muna yanke wa masu gida hukunci.

Sai maganar Mista Dalgleish ta ƙarshe ta dawo mini. Ranar da ya karanta kaina. Yana nan a littafin ƙungiya, da rubutunsa: Haldane, gano dalili, mai girma ƙwarai.

Litinin da sassafe ina Newhaven, na ce a ba ni kwando.

Mysie ta dube ni sama da ƙasa. “Da wannan wuyan naka kamar na kazar da aka fige?”

“Kwana goma kawai, Inna.”

“Rabi za mu zuba maka. In ka zubar mini da kifi a kwata, kanka zan shafa da wannan.” Ta nuna mini tafin hannunta.

A tudun farko na durƙusa. Matan suka wuce ni suna waƙa, wata ta ce in jira a nan za su ɗauke ni a kwando in sun dawo. Phemie ce ta tsaya, da nata cikakke a baya.

“Kana faɗa da shi ne, shi ya sa,” ta ce. “Ka sa maɗaurin ƙasa sosai, yana ja maka kai baya, wuyanka kaɗai ke ɗauka. In ka kai shi cikin gashi kuma zai zame. Nan ne wurinsa. Sunkuya har nauyin ya bi ƙashin bayanka ya sauka ƙafa. Ba ka taɓa tambayar me ya sa dukanmu a wuri ɗaya yake ba?”

Na sunkuya, nauyin ya ragu kamar an cire kashi ɗaya cikin uku. Ga ni ɗalibin fiɗa mai takarda, mai sayar da kifi tana koya mini yadda ƙashin bayana yake aiki, ita da aka rubuta ba ta san “me ya sa” ba.

Kwana na uku goshina ya yi bororo. Kwana na biyar ya fashe. Mai gidan da nake haya ta ce ko in riƙa cire rigata a waje ko in koma wurin kyanwoyi. Tsofaffin abokan karatuna suka tare ni a kan gada, suna tambaya ko yanzu kifi nake dubawa, kuma mene ne ciwonsa. Ban iya zama wuri ɗaya ba, ban iya karatu ba. Duk inda na ga madubi sai na tsaya. Fatar ta kumbura sama da ƙasa, tsakiya ta lotsa. Kwana na takwas na ce a cika kwandon.

“Wannan duk don ni kake yi?” Phemie ta tambaye ni a hanya.

“Don kowa.”

“Haka na zata. Ka dai gaya musu zancen safiya ɗayan?”

Ban gaya musu ba. Na manta. Ta karanta amsar a fuskata, ta yi gaba.

Ranar Juma'a ban biya gida ba. Daga bakin ruwa na hawo kai tsaye, Phemie tana biye da ni, na hau matattakala da kwandon a baya na tura ƙofar taro da kafaɗa. Ita ta tsaya a bakin ƙofa. Warin kifi ya riga ni shiga. Wani ya toshe hanci da hankici. Takardar ɗaukar saurayin tana kan tebur, alƙalami a gefenta.

Na sauke kwandon, na buɗe littafin ƙungiya a shafina, na durƙusa gaban Mista Dalgleish.

“Yallaɓai, ga abin da ka rubuta a kaina bara. Ga goshin. Karanta.”

Ba matsoraci ba ne, wannan dai zan ba shi. Ya lumshe ido ya ɗora yatsu. Na ji sun bi tudun farko, sun faɗa gurbin, sun tsaya. Mis Gilchrist tana can tana ta saƙarta. Ya sa aka ba shi ma'auni, ya auna sau biyu. Na ce a raina, yau dai ba ƙofar fita.

“'Yan'uwa,” ya ce a hankali, “yau mun ga abin da ba a taɓa gani ba. Mun daɗe muna cewa ɗaki yakan ƙaru in ana shigarsa, ya ƙanƙance in an rufe shi. Amma cikin kwana goma! Saurayi mai ilimi ya bar littafi ya koma aikin jaki, ga shi ɗakin dalilinsa ya fara rushewa. Ku dube shi ma yadda ya shigo mana.”

“Fata ce!” na daka tsawa, na miƙe. “Fata ce ta kumbura! Ƙashin babban mutum ba ya lotsawa a kwana goma, ko mahauci ya san wannan!”

“Ka gani? Har ladabi ya tafi.”

Ina neman abin da zan jefa, sai Mis Gilchrist ta ajiye saƙarta.

“Archibald,” ta ce. Ita kaɗai ce take kiransa da sunan yanka, don ta san shi tun yana jan rigar uwarsa. “Ni ban yi karatu ba, gyara mini. Ka ce kwando yana rushe ɗakin?”

“Haka shaida ta nuna.”

“In aka sauke kwandon aka ba mutum littafi fa?”

“Ɗakin zai ginu, babu shakka.”

“To ashe ba ka san girman ɗakin yarinyar nan ba. Na kwando ka auna. Shekara tara yana kanta.” Ta ɗaga murya. “Ke 'yar Carnie, shigo, na ga inuwarki.”

Phemie ta shigo, ta tsaya kusa da ni, hannuwa a haɗe.

Na ga abin yana juyawa a fuskar Mista Dalgleish, kuma na rantse ba kunya ba ce, murna ce. “Gwaji,” ya ce. “Gwaji na gaske! A sauke mata kwando, a ba ta ajin wata shida. Duk ƙarshen wata Haldane ya auna goshin, in ya cika wata shida a sake zuba siffa. In gurbin ya cike, ta zauna. Yarinya, kin yarda?”

Na buɗe baki in ce wannan cin mutunci ne, ba za a mai da ita ɓeran gwaji don a ciyar da ƙarya ba. Sai na ji dugadugin takalminta na katako ya sauka a kan yatsun ƙafata, da dukan ƙarfin matar da take hawan tudu da kwando.

“Na yarda, Yallaɓai,” ta ce. “Yaushe zan karɓi makulli?”

Mis Gilchrist ta zaro shi daga jakar saƙa, kamar da ma can yake jira.

A kan matattakala na kasa riƙewa. “Kin san abin da kika yi? Wata shida babu maɗauri, kantar za ta yi laushi, gurbin ya ragu da kansa!”

“Na sani. Ƙanwar Inna da ta auri mai burodi, nata ya kusa ɓacewa.”

“Kuma zai rubuta cewa ƙwaƙwalwarki ce ta girma! Zai karanta a taro, a buga, a aika London! Ni kuma da hannuna zan auna masa. Yau zan ajiye aikin nan, in rubuta abin da na gani, da sunan kowa!”

“Rubuta,” ta ce. “Amma bayan wata shida. In ka fita yanzu wa za su ba awartakin? Wancan mai hankicin, da ba zai iya tsayawa kusa da ni ba?” Ta ɗaure makullin a bakin kallabinta. “Yara arba'in da uku ne, Likita. Litinin ƙarfe tara. Ka zo ka zauna a baya, tunda ba wanda ya nemi gani.”

Na tsaya ina huci, goshina yana zogi, ina shirya jimlar farko ta takardar da ba zan iya bugawa ba sai wata shida sun wuce. Ta sauka taku uku, ta waiwayo.

“Koma ka ɗauko kwandon. Kifin Inna ne, ko ɗaya ba ka sayar ba.”